Naman Kaza da Laimar Kwaɗi: Matsalar Suna da Hanyoyin Tantancewa a Dajin Ƙasar Mashi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tsirran nan da Hausawa ke kira naman kaza ko laimar kwaɗi, kamar yadda mai yawon daji zai iya tarar da su a ƙasar Mashi da damina. Ta nuna cewa sunayen da Hausa ta raɗa musu ba su raba mai ciyuwa da mai guba ba, sannan ta bayyana alamomin da masana ke dogara da su wajen tantancewa, tare da gabatar da kalmomin Hausa da za a iya amfani da su wajen siffanta sassansu.

Gabatarwa

Bahaushe gwani ne wajen raɗa wa tsirrai suna. Manomin Sonkaya ko na Doguru zai raba sabara da geza tun daga nesa, ya kuma kira ciyayin gonarsa ɗaya bayan ɗaya: harkiya, ƙarangiya, kyasuwa, burburwa, gamba, kowace da amfaninta da lokacin da dabba ke son ta. Amma idan aka nuna masa fararen laimomin nan da ke kwana ɗaya su cika gindin juji bayan ruwan marka, da wuya amsarsa ta wuce naman kaza ko laimar kwaɗi, ko da kuwa iri biyar aka jera masa. Wannan giɓi ba sabo ba ne. Likitan nan masanin tsirrai, J. M. Dalziel, ya wallafa jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma sunayen wannan jinsi a cikinsa ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da na itatuwa da ciyayi.

A da, giɓin bai cika cutar da kowa ba, domin abin da ba a ci ba ya kisa. Yanzu kuwa al'amarin ya sauya. Ana noman naman kaza a ɗaki ana sayarwa a manyan shagunan birane, ana tallar amfaninsa ga lafiya a Facebook da WhatsApp cikin harshen Hausa, ga kuma manhajojin waya da ke da'awar gane kowane iri daga hoto. Wanda ya ji an yabi naman kaza, ya fita bayan gari ya ga abin da tun yana yaro ake ce masa naman kaza, ba shi da wani dalili na harshe da zai sa ya yi zargin abubuwa biyu ne daban.

Abin da sunayen suka faɗa

Laimar kwaɗi suna ne da ya bi wani sanannen tsari na Hausa, wato jingina tsiro ga dabba domin a nuna cewa kwaikwayo ne, ba na mutane ba. Haka aka sami albasar kwaɗi da albasar kura, da gautan kura, da goron biri. Duk wanda ya ji irin wannan suna ya san an ce masa ya bar abin a inda ya gan shi. Ke nan sunan gargaɗi ne, kuma ya yi aikinsa shekara da shekaru. Ba Hausawa kaɗai suka haɗa wannan tsiro da kwaɗo ba, domin sunan da Ingilishi ke kiran mai guba da shi ma'anarsa kujerar kwaɗo.

Naman kaza kuwa ya fi rikitarwa, saboda harafin mallaka da ke cikinsa yana ɗaukar ma'ana biyu. Ana iya fahimtar sa a matsayin nama irin na kaza, domin farin tsokarsa yana yagewa sili-sili kamar ƙirjin kaza. Ana kuma iya fahimtar sa a matsayin naman da kaza ke ci, wato ya koma ajin albasar kwaɗi. Fassara ta farko gayyata ce, ta biyu kuwa hani. Masu tallar zamani ta farkon suka ɗauka.

Suna na uku shi ne tumukun suri, wanda ake kuma kira murucin jiɓa. Wannan ya bambanta da sauran, domin iri guda yake nufi, kuma ya ambaci mazauninsa, tunda suri da jiɓa duk ginin gara ne. Abin lura a nan shi ne, inda Bahaushe ya sami amfani, ko da na magani ne, a nan sunansa ya kaifafa.

A 1957 wasu ma'aurata, Valentina da Gordon Wasson, suka raba al'ummomin duniya gida biyu: masu ƙaunar naman kaza kamar Rashawa, da masu ƙyamarsa kamar Ingilishi. Rabon ya yi faɗi da yawa, amma yana da amfani wajen kwatanci. Binciken B. A. Oso na 1975 ya nuna Yarbawa suna da sunaye masu yawa na wannan jinsi, wasu ma jimloli ne na gargaɗi: akwai wanda sunansa ke nufin a ci amma kada a sha giya a kai, akwai kuma wanda ke nufin wanda ya ci zai jiyo hayaniyar lahira. Bambancin bai rasa nasaba da muhalli ba. Kurmin ƙasar Yarbawa yana da lema mafi yawan shekara, Mashi kuwa daminarta ba ta cika wuce wata huɗu ba.

Mene ne shi?

Naman kaza ba tsiro ba ne a ma'anar kimiyya, ko da yake Hausa ba ta da wata kalma da ta fi wannan kusa. Ba shi da koren ganye, ba ya haɗa abincinsa da hasken rana, sai dai ya narkar da abin da ke kewaye da shi ya tsotse. A 1969 R. H. Whittaker ya ware wa jinsin rukuni mai zaman kansa, daga baya kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. 'Yan'uwansa sun haɗa da funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu, da burtuntunar dawa, da yistin burodi, da abin da ke haddasa makero a kan yara. Hausa ta san kowannensu da sunansa, sai dai ba ta taɓa tara su a gida ɗaya ba.

Laimar da ake gani a sama 'ya'ya ce kawai. Ainihin jikin farin zare ne siriri, mai kama da yanar gizo, wanda ke ratsa ƙasa ko ruɓaɓɓen itace ko kashin shanu, ya yi shiru duk tsawon rani. Idan ƙasa ta jiƙu sosai sai ya tura laima waje domin ta watsa ƙurar iri. Wannan zare shi ne mabuɗin tantancewa na farko, domin kowane iri yana da abin da yake ci, kuma ba ya fitowa sai a inda abincinsa yake.

Abin da dajin Mashi ke iya bayarwa

Mashi tana arewacin Jihar Katsina, a kan hanyar Katsina zuwa Daura, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, ruwanta yakan sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Abin da ake kira daji a nan ba kurmi ba ne: gawo ne da kuka da aduwa da kanya da tsamiya da magarya a warwatse, sai kalgo da sabara da geza a tsakani, ga kuma dogon yaro da turare da aka dasa domin tare iska.

Wannan jerin itatuwa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Akwai manyan dangogin naman kaza, irin su Amanita da Russula da Cantharellus, da ba sa rayuwa sai sun sarƙe zarensu da saiwar wasu keɓaɓɓun itatuwa. A Afirka ta Yamma itatuwan su ne doka da kawo da makamantansu, waɗanda suka fi yawa a dazuzzukan kudu da Zariya da na arewacin Benin. Gawo da aduwa da kuka ba sa ƙulla irin wannan zumunci. Saboda haka littafin jagora da aka rubuta don wata ƙasa, ko da mai kyau ne kamar wanda De Kesel da Codjia da Yorou suka fitar game da Benin a 2002, mafi yawan hotunansa ba na abin da ke fitowa a Mashi ba ne, balle wanda aka rubuta don Ingila ko Faransa. Turare ne kaɗai ya fita daban, domin shi yana ƙulla zumuncin, kuma a ƙarƙashinsa akan sami wasu dunƙulallu masu taurin fata da ƙura a ciki, waɗanda ba a ci.

Mazaunan da suka rage huɗu ne: suri, da juji ko makiyaya mai taki, da kututturen itace, da fili mai rairayi.

Na kututture su ne mafi sauƙin ganewa. Ganoderma yana manne wa gindin itace kamar rabin faifai, bayansa ja mai sheƙi kamar an shafa masa fenti, ƙasansa fari mai ƙananan huji. Taurinsa kamar katako ya isa ya hana a kai shi tukunya, kuma ganin sa a jikin itace mai rai alama ce cewa gindin ya fara ruɓewa daga ciki. Na kan taki kuma mafi yawansu ƙanana ne masu siririn kara, wasu su narke su koma baƙin ruwa kamar tawada kafin azahar.

Suri shi ne inda zancen ya fi daɗi, kuma inda ya fi haɗari. Wasu nau'o'in gara manoma ne. Suna tauna busasshiyar ciyawa da itace su gina wani abu mai kama da saƙar zuma a cikin ɗakunan surinsu, su shuka zaren naman kaza a kai, shi ya narkar musu da abincin da cikinsu ba ya iya narkarwa. Masanin Faransa Roger Heim ne ya raɗa wa wannan dangi suna Termitomyces a 1942. Idan lokacin fitarsa ya yi, sai ya taso daga can cikin ɗakin gara ya huda ƙasa mai tauri, shi ya sa tsakiyar hularsa ke da tsini, kuma karansa ke da doguwar jela da ke nitsewa ƙasa, wani lokaci fiye da kamu ɗaya. Danginsa duka ana cin su, kuma su ne aka fi daraja a kasuwannin Afirka. Babban yayansu da ke Zambiya hularsa na iya kusan kai mita ɗaya a faɗi. Ƙaraminsu kuma ba shi da jelar, yakan fito ne ɗaruruwa a kan tarkacen da gara ta fitar waje. A busasshiyar ƙasa irin ta Mashi ba sa yawa kamar a kudu, sai a shekarar da marka ta zauna.

Tumukun suri, wanda masana ke kira Podaxis pistillaris, ba ɗan wannan dangi ba ne ko kaɗan, duk da sunansa. Linnaeus ya siffanta shi tun 1771. Ɗan busasshiyar ƙasa ne, yana fitowa a rairayi da kuma kan surin garar da ke yankar ciyawa, wadda ita ba ta noma. Hularsa ba ta buɗewa ta zama laima, tana nan a dunƙule kamar kulki, karan ya yi tauri, cikin ya rikiɗe ya koma baƙar ƙura mai kama hannu. Yakan tsaya a bushe har cikin hunturu, shi ya sa makiyaya suka fi sanin sa. A wasu sassan Indiya ana cin sa yana ɗanye fari, a Mali da yammacin Nijar kuma an rubuta cewa ana barbaɗa ƙurarsa a kan rauni. Darasin da ke cikinsa ga mai tantancewa shi ne: fitowa a kan suri ba shaida ba ce. Tsohon suri da gara ta bari ƙasa ce mai taki, kowane iri na iya hawa kansa.

Yadda ake duba shi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsinke shi daga sama. Ana haƙo shi ne da wuƙa ko 'yar fartanya har gindi, domin a gindin ne manyan shaidu biyu suke: jelar da aka ambata, da kuma jaka. Jakar wani farin kwanso ne da ke lulluɓe da tsiron yana ƙarami kamar ƙwai, idan ya girma ya fasa shi sai ragowar ta tsaya a gindi, sau da yawa a binne. Dangin Amanita suna da ita, kuma a cikinsu ne ake samun wanda ya fi kowane kisa a duniya.

Daga nan sai a dubi kara, a ga ko yana da zobe, ko zoben yana zamewa sama da ƙasa idan an taɓa. Sai a kifa hular a dubi ƙasanta: ko dai haƙarƙari ne a jere kamar ƙarafan laima, ko huji. A lura da launinsu a jikin ƙarami da babba, domin yana sauyawa. A yanka tsokar a ga ko za ta rine. A shinshina. Ba a ɗanɗanawa.

Shaidar da ta fi duka ita ce tambarin ƙura. A yanke karan, a kifa hular a kan takarda rabinta fara rabinta baƙa, a rufe da kwano a bar ta ta kwana. Da safe ƙurar iri za ta zana siffar haƙarƙarin a kan takardar. Ta Termitomyces ruwan hoda ce mai haske. Ta Amanita fara ce fat. Ta dangin Agaricus, wanda daga cikinsu ne ake noman na gwangwani, ruwan ƙasa ce mai duhu. Ta masu narkewa baƙa ce.

Akwai kuma mai koriya, kuma saboda shi kaɗai ya isa a koya wa kowa wannan gwaji. Chlorophyllum molybdites babba ne, fari, kyakkyawa, da 'yan ɓawo masu ruwan ƙasa a bayan hula da zobe a kara. Yana son ciyawa mai taki: gefen juji, tsohon mashekari, filin makaranta, kuma yakan fito a da'ira. Yana yaɗuwa a ƙasashe masu zafi, Nijeriya na ciki, kuma shi ne wanda Yarbawa suka ce mai cin sa zai jiyo hayaniyar lahira. A Amurka ya fi kowane iri kai mutane asibiti. Yana ƙarami haƙarƙarinsa farare ne, sai ya manyanta suke komawa kore mai toka, don haka wanda ya tsinci ɗanye ba zai ga koren da ido ba. Ba shi da tsini, ba shi da jela, amma mai gaggawa da ya tsinke shi daga sama a gefen tsohon suri ba zai san haka ba. Kama da wane ba wane ba ce. Bayan awa ɗaya zuwa uku da ci sai amai da gudawa masu tsanani, wani lokaci da jini. Babba mai lafiya yakan warware cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ƙaramin yaro ko tsoho ruwan jikinsa na iya ƙarewa.

Shi ma tambarin ƙura ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Akwai masu guba da ƙurarsu ruwan hoda ce. Abin da masana ke yi shi ne tara shaidu: mazauni, da gindi, da zobe, da haƙarƙari, da ƙura, idan ɗaya ta saɓa sai a yar. Manhajar waya kuwa hoton saman hula take gani, ba ta ganin gindi, kuma mafi yawan hotunan da aka horar da ita da su daga Turai da Amurka aka ɗauko.

Gwaje-gwajen da ba su da tushe

Ana cewa idan kaza ko akuya ko tsutsa ta ci, mutum ma zai iya ci. Ba haka ba ne, domin jikinsu daban, kuma dabbar da ta ci da safe ba lallai a ga abin da ya same ta da dare ba. Ana cewa mai guba yana baƙanta cokalin azurfa ko albasa a tukunya, ko yana da ɗaci, ko launinsa na da ƙyalli. Duk babu ko ɗaya. Waɗanda suka ci Amanita phalloides suka rayu sukan ce yana da daɗi. Mafi haɗari shi ne zaton cewa tafasawa da zubar da ruwa, kamar yadda ake yi wa wasu ganyaye, tana kashe guba. Gubar da ke cikin wannan iri ba ta jin wuta, ba ta jin shanya.

Yadda wannan guba ke aiki ya cancanci a san shi, domin ba dangin Amanita kaɗai ke da ita ba. Wasu ƙananan Lepiota masu farar ƙura suna ɗauke da ita, kuma su ba sa bukatar doka ko kawo, ruɓaɓɓen ganye ya ishe su. Wanda ya ci ba ya jin komai sai bayan awa 6 zuwa 24. Sai amai da gudawa su zo su wuce, ya ji sauƙi har a ɗauka ya warke, alhali a lokacin ne hanta ke lalacewa. A rana ta uku ko ta huɗu ido ya yi rawaya. Saboda haka jinkirin alama ba abin kwantar da hankali ba ne, shi ne ma babban abin tsoro. Abin yi shi ne a garzaya asibiti tun a daren farko, a tafi da ragowar abin da aka ci, ɗanye ko dafaffe, ko da kuwa za a tura mara lafiya zuwa Katsina. Manja da madara ba sa karya wannan guba.

Wani tarko na fassara

Akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito wanda ya yabi wani abu da Larabawa ke kira kam'a, ya kuma ambaci amfanin ruwansa ga ido. Mai fassara da ya nemi kalmar a Hausa zai ga naman kaza ce ta fi kusa, kuma a nan matsalar take. Kam'a dunƙule ne kamar dankali, yana girma a binne cikin rairayin hamadar Larabawa da arewacin Sahara, manne da saiwar wani ɗan ƙaramin tsiro, ba shi da kara ba shi da hula. Idan aka mayar da shi naman kaza ba tare da bayani ba, an jingina yabon ga duk wata laima da ke bayan gari, har wani ya matsa ruwanta a ido. Gara a bar kalmar yadda take, a biyo ta da siffantawa.

Irin wannan taka-tsantsan ne ake bukata wajen tattara sunayen da suka rage a bakin makiyaya da maharba da mata masu tsintar ganye a Tamilo da Karau da sauran ƙauyukan Mashi. Sunan da aka rubuta shi kaɗai ba ya gaya wa masanin kimiyya komai. Kowane suna yana bukatar a haɗa shi da hoton tsiron a mazauninsa, da hoton gindinsa bayan an haƙo, da takardar tambarin ƙura, da samfurin da aka busar aka sa a ambulan mai ɗauke da kwanan wata da sunan wuri, a kai wa masana tsirrai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ma'adanar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello. Aikin na Agusta ne da farkon Satumba, kuma da sassafe, domin da yawa daga cikinsu ba sa kai la'asar.